Agwagin Da Suka Riga Yara Mutuwa: Kira Ga Kafa Asibitin Dabbobi Na Waƙafi A Bakolori

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobin ni'ima, Ya kuma ɗora masa amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Mun san cewa da yawa daga cikin 'yan'uwa, da zarar sun ga kan wannan maƙala, abin da zai fara zuwa bakinsu shi ne: mutane ma ba su sami asibiti ba, ina batun dabbobi? Tambaya ce mai nauyi, musamman idan ta fito daga bakin mutumin Maradun ko Bakura ko ƙauyukan Talata Mafara, wanda ya san wahalar ɗauko mai naƙuda a kan babur cikin dare, a hanyar da shi kansa bai amince da ita ba. Ba mu raina wannan tambaya ba. Amma muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya tuna abin da ya auku ga maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a shekarar 2010, sa'an nan ya yanke hukunci.

A watan Maris na wannan shekara ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro amma babu sauƙi. Da aka zurfafa bincike, tare da masana daga cibiyar CDC ta Amurka, sai aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawan gaske, ana kawo su cikin gidaje ana daka a turmi, ana niƙa a injin, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani, kuma sai a 2013 aka kai ga share ƙasar garin Bagega.

Ga wurin da muke so a tsaya a yi tunani. Mutanen waɗannan ƙauyuka sun shaida wa masu bincike cewa watanni kafin yara su fara mutuwa, agwaginsu sun ƙare. Agwagwa tana cusa bakinta cikin taɓo da kwatami tana tsince-tsince, don haka ita ce ta fara haɗiyar gubar, ita ce kuma ta fara faɗuwa. Kowa ya gani, amma babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin ko sun ɗauka, ina za su kai mushen agwagwa? Wa zai fede ta ya duba hantarta da ƙodarta? Da akwai ɗakin gwaji guda ɗaya a kusa, wanda talaka zai shiga da mataccen tsuntsu ba tare da an yi masa dariya ko an nemi kuɗi ba, da an sami gargaɗi na watanni. Ajali yana hannun Allah, babu mai jinkirta shi, amma an umurce mu da riƙo da sababi, kuma wannan sababi ne da ya zo har ƙofar gida aka rasa mai karanta shi.

To, mu komo Bakolori. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya gama gina wannan madatsa a kan gulbin Sakkwato a 1978, mai riƙe ruwan da ya kai kimanin kubik mita miliyan 450, rayuwar mutum da ta dabba a wannan yanki ta sauya. Dattawa ba su manta da Afrilun 1980 ba, lokacin da aka buɗe wuta a kan manoman da suke neman diyyar gonakinsu. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan, da kan shinkafa da alkama da famfunan da suka lalace. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne dabbobi. Madatsar ta rage ambaliyar da take jiƙa fadamun da ke ƙasa da ita, inda shanu suke samun ɗanyar ciyawa da rani. A lokaci guda kuma ta samar da ruwa mai tsayawa shekara duka a tafki da magudanai, ga kuma ragowar amfanin gona bayan girbi. Saboda haka garken makiyayi, da shanun huɗar manomi, da awakin matan aure, da ragunan turke na masu jiran Sallah, da yaran da suke wanka, da matan da suke wanki, duk ruwa ɗaya ya haɗa su.

Ruwan da ba ya gudu da ƙarfi, mai ciyayi a gefe, gidan dodon koɗi ne. A jikin wani nau'insa tsutsar hanta take girma kafin ta maƙale a ciyawar da saniya za ta ci. Daga nan sai saniya ta rame, nononta ya ragu, ƙasan haɓarta ya kumbura, idan an yanka ta mahauci ya tarar da hanta ta lalace. A jikin wani nau'in kuma tsutsar tsargiya take girma, wadda take huda fatar yaro mai iyo, har ya wayi gari yana fitsarin jini, iyaye kuma su ɗauka alamar balaga ce ko zafin rana. Cuta biyu ce, likita biyu take buƙata, amma magudana ɗaya ce ta haife su. Duk wanda ya zauna ya binciki inda dodon koɗi yake taruwa da lokacin da yake yawaita domin ya kare shanu, ya yi rabin aikin kare yara ko da bai yi niyya ba.

Haka tarin fuka na shanu yake bin madarar da ba a tafasa ba zuwa cikin mutum. Haka ciwon da yake sa shanu ɓari, wanda makiyaya suke kira bakkale, yake kama mai tatsa da mai taimakon saniya wajen haihuwa da hannu tsirara, ya bar shi da zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta ba shi maganin taifot wata da watanni. Haukan kare kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Maganinsa mafi araha yana jikin karen, domin idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan yanke. A nan muna da ɗan gyara ga wasu 'yan'uwanmu: shari'a ta yi rangwame a kan karen kiwo da na gadin gona da na farauta, kuma ƙyamar da muke yi wa kare ba hujja ba ce ta barinsa babu rigakafi yana yawo cikin almajirai. Masana sun ce kimanin kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani ga mutum ana tarayya da dabbobi a cikinsu. Mun ga murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, mun kuma ga ciwon saifa da aka tabbatar a Suleja a Yulin 2023. Shi wannan na ƙarshe, fede mushen ma haɗari ne, domin ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Sanin mushen da za a fede da wanda za a binne ba tare da an taɓa shi ba, wannan kansa ilimi ne da ake zuwa makaranta domin sa.

Akwai wata musiba kuma da muke jawo wa kanmu da hannunmu. Duk wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata, ko wata kasuwar dabbobi a ƙasar nan, ya san yadda ake baza kwalaben allura a rana, mai saye ba ya karanta rubutun jiki, sau da yawa mai sayarwa ma haka. Makiyayi shi ne likitan kansa: ya ga saniya ta yi sanyi, ya ɗirka mata allurar nan mai ruwan ɗorawa, gobe ya tatse ta a kai nonon kasuwa. Idan ta ƙi tashi, a yi maza a yanka kafin ta zama mushe, naman ya shiga tukunyar mutane da sauran magani a jikinsa. Alhali kowane irin wannan magani yana da kwanakin da aka ƙayyade a jira kafin a sha nono ko a ci nama. Illar ba ta bayyana ranar. Ƙwayoyin cuta ne suke sabawa da maganin kaɗan-kaɗan, har ranar da yaro zai kwanta da gudawa ko ciwon huhu a ba shi irin wannan maganin ya ƙi aiki.

Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Malamanmu sun yi bayanin jallala, watau dabbar da take cin ƙazanta har ya shafi namanta da nononta, sun yi saɓani a kan hukuncinta tsakanin masu haramtawa da masu karhantawa da masu sauƙaƙawa, kuma waɗanda suka hana sun ce a tsare ta a ciyar da ita abinci mai tsabta na wasu kwanaki kafin a amfana da ita. Ba muna cewa hukuncin allura shi ne hukuncin jallala ba, wannan aikin majalisar malamai ne tare da likitoci. Abin da muke nunawa shi ne, tunanin a jira jikin dabba ya tsarkaka kafin a ci, mun gaje shi tun kafin a ƙirƙiro allura. Haka nan ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da masu lafiya. Ɓoye aibin dabba a kasuwa kuwa algus ne, babu saɓani a kan haramcinsa. Mas'alolin muna karantar da su a zaure. Abin da muka rasa shi ne wurin da za a gane cewa dabbar ba ta da lafiya tun kafin idon dillali ya gane.

Kada wani ya zaci binciken dabbobi wasa ne na masu ƙoshi. Kakanninmu sun ga bushiya a ƙarshen ƙarni na 19 ta share garkuna har Fulani suka wayi gari babu ko maraƙi, iyayenmu kuma sun sake ganin ta a 1983. Yau babu ita a bayan ƙasa. A 2011 aka shelanta kawar da ita, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana. Wannan ya samu ne da izinin Allah ta hanyar rigakafin da Walter Plowright ya samar a Kenya, da gangamin allura da aka fara a 1962 a ƙasashen tafkin Chadi, da aikin cibiyoyi irin tamu ta Vom a Jihar Filato, wadda take nan tun 1924. Kuma ya kai mai karatu, dubi damtsen ɗanka na hagu. Tabon nan na allurar BCG, daga ƙwayar tarin fuka ta shanu aka samo ta, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka haɗa ta, Camille Guérin, likitan dabbobi ne, kuma tun 1921 ake yi wa jarirai. Maganin nan ivermectin da makiyaya suke saye don tsutsa da kaska, a 1981 ya fito a matsayin maganin dabbobi, a 1987 aka fara raba shi kyauta ga mutane don cutar makantar da ƙudan bakin rafi yake kawowa, kuma masu gano shi sun karɓi kyautar Nobel a 2015.

Abin da yake ba mu kunya shi ne, wannan fage namu ne muka bari. Musulmi sun kira wannan ilimi baiɗara. Ibn Akhi Hizam ya yi littafi a kan dawaki da jinyarsu tun ƙarni na uku na Hijira, Abubakar ɗan Badar, babban likitan dawakin Sarkin Misra Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, ya yi nasa a ƙarni na takwas. Shaizari, a littafinsa na hisba, ya ware babi guda a kan yadda muhtasibi zai sa ido a kan masu jinyar dabbobi, don kada jahili ya shiga sana'ar ya halaka dukiyar mutane. A Dimashƙa an yi waƙafin makiyaya guda domin dabbobin da suka tsufa suka gaza aiki, su ci su sha har ajalinsu. A Bursa ta ƙasar Turkiyya an yi gidan jinyar shamuwa. To yau fa? Asibitin da yake duba jakuna da alfadarai kyauta a birnin Fas tun 1927, Amurkawa ne suka kafa shi. Na Alƙahira, wata Baturiyar Ingila mai suna Dorothy Brooke ce ta buɗe shi a 1934. A birnin New York akwai Animal Medical Center, wanda asalinsa ya faro a 1910, ba don riba aka kafa shi ba, yana jinya yana bincike yana horar da likitoci da gudummawar jama'a. Ba mu sha'awar yadda wasu a can suke kashe wa kyanwa abin da zai ciyar da ƙauye, wannan israfi ne. Tsarin muke kallo: jinya da bincike da koyarwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, a kan dukiyar da aka tsayar ba don wani ya ci riba ba. Wannan kuwa ko an sauya masa suna, waƙafi ne.

Za a ce ai aikin gwamnati ne. Haƙiƙa aikinta ne, kuma ba mu sauke mata ba. An kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, an kuma ƙaddamar da shirin Ruga a Maradun a 2019 wanda aka ce zai ƙunshi asibitin dabbobi. Amma mun daɗe a ƙasar nan, mun san aikin gwamnati yakan rayu ne da wa'adin wanda ya kawo shi. Ɗan kasuwa kuma, ba mu zarge shi ba, inda riba take can zai je: gonar kaji ta attajiri da dokin sarki. Babu ribar da za a samu a fede mushen agwagwar bazawara, ko a yi shekara uku ana ƙirga dodon koɗi a magudana. Irin wannan aiki farali ne na kifaya, idan kowa ya bar shi kowa ya yi laifi, kuma babu abin da ya dace da ɗaukar sa kamar waƙafi.

Muna cewa waƙafi, ba mu ce zakka ba, kuma da gangan ne. Zakka tana da masu cin ta guda takwas da aka ƙayyade, kuma jumhurun malamai ba su ga a gina gini da ita ba. Kada son alheri ya sa mu taɓa haƙƙin fakirai. Ƙofar waƙafi kuwa a buɗe take, kuma mazhabar Malik da aka fi bi a ƙasarmu ta faɗaɗa ta, ta halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, har da dabba, ta kuma halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Ke nan manomin Bakolori yana iya tsayar da amfanin fili guda na shekara biyar, mai shago a Gusau ya tsayar da kuɗin haya, mai garke ya tsayar da karsana. Jihar Zamfara tana da hukumar zakka da waƙafi tun bayan ƙaddamar da shari'a a 1999, ke nan akwai inda za a rubuta a adana. Ga attajiranmu kuma muna cewa, cikin girmamawa: masallaci na uku a layi ɗaya da Umra ta goma suna da lada, amma a duba ko akwai abin da al'umma ta fi buƙata.

Ba katafaren gini muke nufi ba. A fara da rumfar duba dabbobi da turken kamu, da ɗaki mai madubin likita da kayan gwajin jini da kashi da madara, da firji mai aiki da hasken rana, domin rigakafin da ya sha zafi ruwa ne kawai. A sami likita guda mai lasisi da mataimaka daga ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura, a ƙulla yarjejeniya da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da kuma Vom, don abin da ya fi ƙarfin ɗakin a aika can. Lalle ne a horar da mata, domin awaki da kaji a hannun matan kulle suke, namiji ba zai shiga ya gan su ba, kuma akuyar nan ita ce asusun mace ranar da yaro ya kwanta ciwo. Mai hali ya biya, marar hali a yi masa kyauta. Sharaɗi mafi girma shi ne littafi: duk dabbar da aka gani a rubuta garinta da cutarta da watan, kuma a ƙarshen kowane wata likitan dabbobi ya zauna da likitan babban asibitin Talata Mafara su gwama abin da suka gani. Da wannan zama ne asibitin jinya yake zama na bincike.

Saura matsaloli biyu da ba za mu ɓoye ba. Ta farko tsaro. Fiye da shekara goma ke nan satar shanu da garkuwa da mutane suna cin wannan yanki, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma katse layukan waya. Za a tambaya: idan ɓarawo ya koro shanun sata fa? Amsarmu ita ce, asibitin da yake rubuta mai dabba da shaidar jikinta da wanda ya tsaya masa, ɓarawo ba ya son kusantar sa. Kuma makiyayi na gari, wanda shi ma an sace masa, an kuma haɗa shi da ɓarayin a zargi, yana buƙatar wuri guda da zai tsaya layi ɗaya da manomi a kira su da lamba ba da ƙabila ba. Don haka dole a sa Arɗo da Sarkin Noma da Sarkin Fawa cikin amintattun waƙafin tun ranar farko, a kuma kafa shi a cikin gari inda ake da tsaro, a riƙa fita ƙauyuka gwargwadon hali.

Ta biyu ta fi wuya. Mutumin da ya san cewa idan ya kai rahoton cuta za a hana shi sayarwa, ko a ce a binne saniyarsa, ba zai kawo rahoto ba. Zai ɓoye, ya kai ta kasuwa da asuba. Wa'azi a kan algus yana da amfani, kuma za mu ci gaba da yi, amma talakan da saniya ɗaya ce jarinsa yana buƙatar fiye da wa'azi. Wajibi ne takardar waƙafin ta ware wani kaso sananne na kuɗin shiga, a rubuce, domin rage asarar duk wanda ya kawo rahoto da kansa aka hana shi cin dabbarsa ko sayar da ita, a biya shi a gaban shaidu cikin mako guda, kafin maƙwabcinsa ya yanke shawarar abin da zai yi da tasa.